Tsofaffin littattafan soyayya da muka karanta a ƙuruciya: me ya rage a cikinsu idan aka sake buɗe su yau?

Maman Biyu, Birni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙanana na wannan zaure, tare da fatan an yi sallah lafiya. Tambaya ce ke tafe da ni, kuma zan ɗan tsawaita bayani kafin in kai gare ta, domin ba na son a amsa mini abin da ban nufa ba.

Bayan sallar layya muka shiga kwashe kayan ɗakin mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, saboda ruwan bara ya ci katangar gabas kuma magina suna son kama aiki kafin damina ta kankama. A ƙarƙashin gadonta na ƙarfe na ci karo da wani akwatin kwano da na daɗe da mantawa da shi, cike da littattafan soyayya na Kano waɗanda na tara tun ina kwaleji, daga 1993 har zuwa shekarar da aka kai ni ɗakin miji. Da na ƙirga sai na samu guda 41. Gara ta ci gefen wasu, wasu ba su da bango, wasu kuwa na ɗaya da na uku ne kawai suka rage, na biyun ya tafi aro bai dawo ba. Abin da ya fara taɓa zuciyata shi ne, Inna da ba ta iya karatun boko ba, wadda ta sha yi mini faɗa a kan waɗannan littattafai har ta taɓa ɓoye mini fitila, ita ce ta ɗaure su da tsumma kashi-kashi, ta adana su fiye da shekara ashirin ba ta taɓa ce mini komai ba.

Na ɗauko wanda na fi so a wancan lokaci, wanda na karanta ya fi sau goma. Ba zan ambaci sunansa ba, domin mai yiwuwa marubuciyar tana da rai, kuma ba na son a ɗauki maganata a matsayin cin fuska ga wadda ta faranta mini rai shekaru masu yawa. Na tarar da layukan da na ja wa jan bik a ƙarƙashinsu, kusan duka a cikin wasiƙun saurayin ne, har da wani wuri da ƙawata ta ajinmu ta rubuta a gefe da Faransanci cewa wannan gaskiya ne. To, da na sake karanta wasiƙun nan sai na ji ba su motsa ni ba ko kaɗan, kalmomi ne masu zaƙi da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wurin da saurayin ya iske yarinyar tana gaisawa da ɗan kawunta a ƙofar gida, ya mare ta a gaban ƙannenta, ya ɗauke ƙafa wata uku, sannan ita ce ta zauna ta rubuta masa takardar ban haƙuri. Ina da shekara goma sha biyar na karanta wannan a matsayin shaidar tsananin so, kuma na ja masa layi. Yau da na ga abin da irin wannan kishi ya yi wa wata ƙanwata a gidan aurenta, sai da na rufe littafin na ajiye shi har kwana biyu.

Amma da na koma na ci gaba, sai na iske wani babi da na rantse ban tuna da shi ba. Daren da za a kai yarinyar gidan wanda ba ta so, uwarta ta shigo ɗaki bayan kowa ya kwanta, ta zauna tana goge kwanonin jere ɗaya bayan ɗaya da bakin zanenta, tana ba ta labarin yadda ita ma ba a tambaye ta ba, da yadda ta sayar da akuyarta don ta cika waɗannan kwanonin. Ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma zagi mahaifin ba. A nan na yi kukan da wasiƙun suka kasa sa ni.

Ga tambayata. Waɗanda suka sake buɗe irin waɗannan littattafai bayan girma ya zo, shin abin da kuka tarar ke nan, wato soyayyar ta dushe amma maganar gida tana nan da ranta, ko kuwa ni ce shekaru suka sauya? Sannan ɗiyata ta fari, mai shekara goma sha shida da ke lise, ta ga akwatin tana roƙon in ba ta. In ba ta duka, in tace mata, ko in hana?

Tsohon Mai Haya, Zango

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Kin taɓo sana'ata, domin na yi hayar littattafai a wata ƴar rumfa kusa da Kasuwar Dole daga 1992 zuwa 2004, kuma ba zan yi mamaki ba idan wasu daga cikin 41 ɗin nan ta hannuna suka biyo. Ki duba, idan kin ga wanda aka ɗinke gindinsa da baƙin zare aka yi masa riga da takardar buhun siminti, to aikina ne, don sabon littafi ba ya fita haya a wurina sai na bi shi da basilla.

Kafin a yanke wa waɗannan littattafai hukunci, ya kamata a san yadda aka yi su. Nakan hau mota ta Matamaye da Ɗan Barto, mu bi Daura da Kazaure mu shiga Kano, tafiyar kimanin kilomita 250, in sari kaya a Sabon Gari in juyo. Galibin marubutan ba su da kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu. Mutum ne zai rubuta da hannu, ya kai a buga masa a keken rubutu, ya biya maɗaba'a daga aljihunsa, babu editan da zai ce masa nan ka maimaita, nan ka saki zaren labari. Raba littafi zuwa na ɗaya da na biyu da na uku ma, sau da yawa jari ne ya kawo shi: cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu, saboda haka dole a yanke labari a daidai inda mai karatu zai kasa barci, kuma dole a ja shi ya cika shafuka. Shi ya sa idan kika karanta yanzu a zaune ɗaya za ki ga haɗarin mota ya faɗo ba dalili, ko a ce wane ya tafi karatu ƙasar waje shekara bakwai, ko ciwon zuciya ya kwantar da yarinya har likita ya ce maganinta sai an ba ta wanda take so. A lokacin, da ake jiran na biyu wata uku ko huɗu, ba mai lura da wannan ɗinki. Yau kuwa a fili yake.

A nan Damagaram kasuwarsu ta ƙara buɗewa bayan an karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Littattafai da mujallun da ke zuwa daga Faransa suka fi ƙarfin talaka, na Kano kuwa, da yake naira ita ma tana zubewa, suka zauna inda hannu ke kaiwa. Dala biyar nake ba da littafi kwana ɗaya. Yawancin masu karatuna ban taɓa ganin fuskarsu ba, matan aure ne da ke cikin kulle, yaro za a aiko da kuɗin a ƙulle a bakin ƙyalle, da saƙon a ba da ci gaban na jiya. Da yawa cikinsu a CM2, ajin ƙarshe na firamare, aka cire su daga lakwal, Faransancin bai zauna ba, amma sun san baƙaƙe, kuma da waɗannan littattafai suka gane cewa harshen da suke magana da shi ana iya rubuta shi a karanta. Wannan alheri ne da ba zan yarda a manta da shi ba, ko da labaran duka za su zama shirme.

Game da tambayarki, ni na sake karanta da dama bayan na bar sana'ar, kuma a cikin goma, biyu ko uku ne ke tsayawa da ƙafafunsu. Na lura waɗanda suka tsaya su ne waɗanda marubucin ya ɗebo daga tsakar gidansu, waɗanda suka faɗi kuwa su ne waɗanda aka ɗebo daga fim ɗin Indiya aka sa musu hula da mayafi. Misalin da kowa ya sani shi ne Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 a rumfunan soyayya muke jera shi, alhali maganar matar da miji ya wulaƙanta ya kora da ƴaƴanta ce, kuma har an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Sau uku na sake ɗinke kwafin da nake da shi kafin ya mutu a hannun masu haya, kuma matan da suka manyanta ne suka fi aikowa a ba su shi, ba ƴan mata ba. Saboda haka babin kwanonin jere da kika ce ba ki tuna ba, ina kyautata zaton akwai waɗanda tun a wancan lokaci saboda shi suke karɓar littafin, ke ce shekarunki ba su kai gare shi ba tukuna.

Malamar Faransanci, Sabon Gari

Yaya Maman Biyu, sannu da haƙuri, Allah ya gafarta wa Inna. Ni ta wata ƙofa na shiga wannan karatu, kuma ina ganin kwatancin zai yi amfani. A gidanmu mahaifinmu ma'aikacin gwamnati ne, Faransanci ake ɗaukaka, littafin Hausa kuwa ana yi masa kallon abin ƴan aiki, duk da cewa a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci tun 1973. Saboda haka littattafan soyayya na Turawa na Harlequin na fara karantawa, waɗanda yayyenmu ke samowa na hannu, daga baya kuma jerin Adoras da aka fara bugawa a Abijan a 1998, inda masoyan baƙaƙen fata ne kamarmu amma rayuwarsu ta manyan otal da bakin teku ce. Na Kano a ɓoye na karanta su, a wurin wata maƙwabciyarmu, kuma da farko har rubutun ya ba ni wuya, don su suna sa ɗan waƙafi a gaban y inda mu muke rubuta ƴ mai lanƙwasa, ga kalmomi irin su lauya da kwamishina da ban saba ji ba.

Shekara biyu da suka wuce na sake karanta kashi biyun a lokacin hutu, kuma abin da na tarar ya ba ni mamaki. Na Turawan nan, waɗanda aka fi gyara rubutunsu kuma takardarsu ta fi kyau, su ne suka fi tsufa a idona. Namijin cikinsu kusan ɗaya ne a kowane littafi: attajiri mai taurin kai wanda ke damƙe hannun mace har ya yi shaida, ya sumbace ta ba da yardarta ba, ita kuma daga baya ta gane wai so ne. Don haka marin da ya dame ki ba cutar Kano ba ce ita kaɗai, cutar zamanin ce gaba ɗaya, kowane harshe da irin rigar da ya sa mata. Bambancin shi ne, idan ka cire soyayyar daga littafin Harlequin babu abin da ke saura, mutum biyu ne a cikin ɗaki, ba uwa, ba gwaggo, ba maƙwabta. Na Kano kuwa ko marubucin bai yi niyya ba sai gida ya shigo masa: kishiya da rabon kwana, uwar miji da kuɗin cefane, kawun da aka aika neman aure, ƙanwar da ke kai wasiƙa a ba ta alewa. Wannan cunkoson jama'a shi ne ya riƙe littattafan, kuma shi ne ya sa yau nake karanta su kamar mai leƙa tsakar gidan iyayenmu.

Akwai kuma abin da ba zan iya kira tsoho ba, ko da na so. Tun So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 kuma ake ƙirga shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, tambayar da matan nan ke yi ɗaya ce: shin yarinya tana da baki a zaɓen wanda za ta zauna da shi? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa a Nijar mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma sai a 2017 aka fitar da dokar da ke kare karatun ƴa mace. Ni da ke riƙe da aji, kusan kowace shekara sai na kira suna a wata na uku ko na huɗu an ce mini an ɗaura mata aure. Wata daga cikinsu, wadda ta fi kowa iya rubutun insha'i a ajin, ta aiko ƙanenta ya maido mini da littafin da na ara mata, an naɗe shi a leda da kyau, ba ta rubuta ko kalma ɗaya a ciki ba. Idan labarin auren dole ya daina taɓa mai karatu a garin nan, to ba don matsalar ta wuce ba ne.

Shawarata game da ɗiyarki ita ce ki ba ta, har da mai marin, amma kada ki goge jan layin da kika ja. Ki bar ta ta ga cewa uwarta ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin so, ki kuma gaya mata dalilin da ya sa yanzu ba ki ɗauke shi haka ba. Wa'azin da za ki yi mata a kan zaɓen miji ba zai shige ta kamar wannan ba.

Ɗalibar Jami'a, Karkada

Mama, ina gaisuwa, kuma ina neman afuwar manya idan maganata ta saɓa wa tasu. Ina karatu a Jami'ar André Salifou, kuma ni a waya na tashi da karatun labarai, a WhatsApp da Wattpad, inda marubuciya ke sakin shafi kullum da dare ana biyan ta ta waya. Na karanta tsofaffin kamar guda bakwai daga kayan gwaggona, saboda haka abin da zan faɗa na mai kallo daga waje ne.

Akwai abin da ban ga an ambata ba, kuma shi ya fi ci mini rai fiye da marin. A cikin bakwai ɗin nan, babu ko ɗaya da tauraruwarsa ba fara ba ce, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, ana ta kwatanta ta da Larabawa, yayin da muguwar kishiya ko ƴar aikin da ake yi wa dariya ita ce baƙa, gajera, mai faɗin hanci. Ni baƙa ce, haka ma mahaifiyata, kuma ina zaune a aji da ƴan matan da man bilicin ya ƙona musu kumatu da gaɓoɓin yatsu. Ba na cewa littattafai ne kaɗai suka jawo haka, amma yarinyar da ta karanta labari arba'in kuma ba ta ga mai kama da ita an so ta ko sau ɗaya ba, wani abu zai zauna mata a rai. Idan ƙanwata za ta karanta su, ina roƙon a tattauna wannan da ita kamar yadda za a tattauna marin.

Sai dai kuma ba zan yi wa zamaninmu ƙarya ba. Namiji mai mari bai mutu tare da tsofaffin littattafai ba, yana nan a waya, ya ƙara kuɗi ya ƙara mugunta, yanzu jirgin sama gare shi da masu gadi, yana kulle yarinya a gida yana wulaƙanta ta shafi ɗari kafin a ce ya shiryu, kuma a ƙarƙashin kowane shafi za ki ga masu karatu suna yaba masa. Ga batsa da ake zubawa a fili don a ja masu biya, abin da tsofaffin ba su yi ba, domin a cikinsu zance a zaure yake ƙarewa, ƙanen yarinya na zaune a gefe. Ɗiyarki tana da waya ko tana da ƙawa mai waya, saboda haka maganar hana ta akwatin don kare ta ba ta taso ba, abin da ke cikin akwatin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da na fi amfana da shi a tsofaffin shi ne Hausar. Duk da kurakuran bugu, jimlolinsu cikakku ne, tsofaffi na magana da karin magana a inda ya dace, gaisuwa ma ana ba ta haƙƙinta. Namu na waya rabi Hausa ne rabi Turancin Najeriya, an gutsuttsura kalmomi, wani lokaci sai na karanta layi sau biyu kafin in gane. Na yarda suna da jan labari, akwai inda na tsallake shafi goma ban rasa komai ba. Kuma ina ganin ana ta kwafe su ana yaɗawa a waya ba da izinin masu su ba, har a cire sunan marubuciyar a sa na wanda ya kwafa, wannan kuwa zalunci ne ga matan da wasunsu ke raye ba su da wani abin hannu.

Malam na Garin Malam

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah ya yi wa mahaifiyarku rahama. Ni ina cikin waɗanda suka yaƙi waɗannan littattafai, kuma ba zan ɓoye ba. Na ƙwace su a hannun ƙannena mata, na yaga wasu, kuma lokacin da labari ya zo a 2007 cewa hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta tara waɗanda aka karɓe daga ɗaliban makarantu ta cinna musu wuta, na ji daɗi a raina. Yau ba zan sake yaga littafi ba, domin na gane ƙwacewar ba ta hana ƙannena karantawa ba, sai dai ta hana su gaya mini abin da ke ransu, kuma maganar neman yardar budurwa kafin aure da marubutan suka nace a kanta tana da tushe a hadisi, mu ne muka yi sakaci da ita.

Amma ina da sauran ƙorafi, kuma ina ganinsa a zaman sulhun ma'aurata da ake kira na. Littattafan nan a ranar ɗaurin aure mafi yawansu ke ƙarewa, da mota da bene da lefe akwati goma sha biyu. Yarinya ta shiga gidan mai facin taya ko ƙaramin malamin lakwal, a garin da mace ke tashi tun asuba ta bi layin famfo da jarka, sai ta ga kamar an cuce ta, alhali mijin yana iyakar ƙoƙarinsa. Shi ma ba wanda ya koya masa cewa kalma mai daɗi ba ta rage masa girma. Na yarda da Malama cewa a ba yarinyar, sai dai in ƙara cewa a fara mata da waɗanda suka shiga cikin gidan auren suka nuna wahalarsa da daɗinsa, kafin waɗanda suka tsaya a ƙofa. Kuma mahaifinta ya san da maganar, kada ya zama sirri tsakanin uwa da ɗiya.

Maman Biyu, Birni

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malam, na gaya wa mahaifinta tun ranar da na ga amsarka, kuma ya amince. Ƴata ta jami'a, maganarki ta sa na koma na duba, kuma gaskiya kika faɗa: a cikin goma sha biyun da na buɗe, ɗaya ce kawai aka ce wankan tarwaɗa ce, sauran duka farare. Ban taɓa lura ba, ni da na ja layi a ƙarƙashin siffofin nan ina duba madubi.

Daren Alhamis da aka ɗauke wuta muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ba ta littafin da tocila na ce ta karanta mana a bayyane. Da farko tana tuntuɓe, tana karanta Hausar da lafazin Faransanci har ƙannenta na dariya, amma kafin shafi na goma bakinta ya saki. Da ta iso wurin marin sai ta tsaya, ta haska jan layin, ta ɗago ta dube ni ta ce, “Mama, ke kika ja wannan?” Na ce ni ce. Ta tambaye ni dalili, na gaya mata iyakar gaskiyata, na kuma ba ta labarin innarta ƙarama gwargwadon abin da ya dace da shekarunta. Ba ta ce komai ba, ta ci gaba da karatu. A babin kwanonin jere ita ba ta yi kuka ba, tambaya ta yi: wai me ya sa uwar ba ta je ta gaya wa mahaifin cewa ba ta yarda ba? Na fara ba ta amsa sai na ji muryata ta sarƙe, domin kwanonin da muka kwashe daga ɗakin Inna suna jere a bayanmu a cikin buhu, ba mu riga mun raba su ba. Muka tashi a nan, kuma jiya ita da kanta ta ɗauko littafin ta ce mu ƙarasa.

Baban Zango, na duba kamar yadda ka ce, na samu guda shida masu baƙin zare da rigar takardar siminti, biyu daga cikinsu ma ina jin na haya ne da ban taɓa mayarwa ba, ina neman ka yafe mini ko ka faɗi abin da zan biya. Sannan idan akwai sauran kaya a wurinka, akwai wani mai kashi uku da ɗiyata ta fara, labarin wata marainiya da ke koyon ɗinki a gidan gwaggonta, na biyunsa ne babu. Idan ka ba ni izini zan aiko ƙanenta da na ɗaya da na ukun ranar Asabar bayan la'asar, ka duba ko za ka gane shi.